Tumatir na Gado da Furen Okid a Ƙarƙashin Fitila: Tarihin Wata Al'adar Lambu

Ɗalibin Hausa ba ya daɗewa a fagen nazarin kalmomin aro sai ya ci karo da tumatir, ko tumatur kamar yadda wasu ke faɗa. Kalma ce da ta zauna daram a bakin Bahaushe, ta shiga cinikin ƴan gwari da lissafin cefanen uwargida, har ba a jin baƙuncinta. Daga bakin Turawa muka karɓe ta. Su kuma sun aro ta daga Sifaniyawa, masu cewa tomate. Sifaniyawa kuwa sun tsince ta ne a ƙarni na 16 daga harshen Nahuwatal na mutanen Aztek, a ƙasar da ake kira Meziko a yau. A can, tomatl suna ne da ya haɗa ƴaƴan tsirrai masu ruwa fiye da ɗaya. Jan tumatir ɗin da muka sani xitomatl ake ce masa, shi ya sa har gobe mutanen tsakiyar Meziko ke kiransa jitomate. Wato kalmar ta ƙetare teku ta bar rabin jikinta a gida.

Abin da ya sa na ɗauko wannan kalma shi ne wata al'ada ta masu lambun gida a ƙasashen sanyi, musamman arewacin Amurka da Kanada da arewacin Turai, wadda idan aka ba manomin fadama labarinta zai ɗauka raha ake yi da shi. A watan Fabrairu ko Maris, lokacin da dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, mutum zai shiga ɗakin ƙarƙashin gidansa ko wani lungu na falo, ya jera ƙananan kofuna cike da ƙasa mai laushi a kan kanta, ya saka ƙwayar tumatir ɗaya ko biyu a kowane, sannan ya rataya musu fitilar lantarki. Sau da yawa kantar tana da masu ita tun da farko, wato tukwanen furen okid da suka shekara a ƙarƙashin wannan fitila, sai a matsa su gefe a ba baƙi wuri. Tumatirin da ake renon kuma yawanci tsohon iri ne, wanda suke kira da wata kalma mai ma'anar kayan gado, irin abin da uwa kan bar wa ɗiyarta. A nan za mu kira shi irin gado.

Dalilin wannan ɗawainiya lissafin kwanaki ne. Dare ɗaya na raɓa mai daskarewa ya isa ya kashe tumatir. A jihohi irin su Minesota da Ayowa, wannan raɓa ba ta ɗaukewa sai a watan Mayu, kuma takan dawo a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Manyan nau'o'in gado suna bukatar kwana 80 zuwa 90 daga dashe kafin ɗan fari ya nuna, ban da makonnin da tsiro ke ɗauka kafin ya isa dashe. Wanda ya jira ƙasa ta yi ɗumi kafin ya shuka a fili, sanyi zai riske shi da ɗanyen tumatir a reshe. Don haka sai a saci mako shida zuwa takwas daga hunturu, a yi su a cikin ɗaki.

Baƙon da aka yi wa kallon guba

Kakan tumatir na daji yana nan har yau a yammacin Kudancin Amurka, a ƙasashen Peru da Ekwado, ƴaƴansa ba su fi ƙwayar wake girma ba. A Meziko ne aka kammala mai da shi amfanin gona. Bayan birnin Tenochtitlan ya faɗa hannun Sifaniyawa a 1521, wani limamin Kirista, Bernardino de Sahagún, wanda ya isa ƙasar a 1529 ya kuma koyi harshen mutanenta, ya rubuta bayanin kasuwanninsu. A ciki ya ambaci masu sayar da tumatir manya da ƙanana, ja da rawaya, da miyar da ake haɗawa da shi da barkono. Ke nan yawan nau'o'i da launuka da ake yi wa ɗoki a yau ya girmi zuwan Turawa.

A Turai, wanda ya fara ambatonsa a littafi shi ne likitan Italiya Pietro Andrea Mattioli, a 1544. Ya ce ana soya shi da mai da gishiri da yaji, kuma a bugun 1554 ya kira shi da sunan da ke nufin tuffa ta zinariya, asalin kalmar pomodoro ta Italiyanci. Sai dai masana tsirrai sun gane danginsa da wuri, kuma a nan matsalar take. Tumatir ɗan gida ɗaya ne da gauta da yalo da barkono da dankalin Turawa da taba, har da zaƙami. Bahaushe da ya saba da gauta a hannunsa ba zai ji tsoron ɗan'uwanta ba. Mutumin arewacin Turai kuwa, ƴan wannan gida da ya sani a dazukansa masu guba ne, masu sa maye da hauka. John Gerard na Ingila, a littafinsa na tsirrai na 1597, ya san ana cin sa a Sifaniya da Italiya, amma ya kushe warin ganyensa, kuma mutanen ƙasarsa suka daɗe suna shuka shi don ado kawai. A kudu abin ya fi sauri: a 1692 Antonio Latini ya buga littafin girki a birnin Naples mai ɗauke da miyar tumatir.

A Amurka ana yawan ba da labarin wani mutum da ya tsaya a matakalar kotun garin Salem na jihar New Jersey a 1820, ya ci tumatir a bainar jama'a don ya nuna ba ya kisa. Labari ne mai daɗi, amma masana tarihin abinci sun bi diddiginsa sun tarar an ƙaga shi ne daga baya. Abin da ke rubuce shi ne Thomas Jefferson yana shuka tumatir a gonarsa ta Monticello tun 1809, yana kuma shigar da shi a kundin lambunsa.

Tumatirin wancan zamani mai tsaga-tsaga ne, mai rami a ciki, mai tsami. Wanda ya fi kowa sauya masa kama shi ne Alexander Livingston, mai sayar da iri a garin Reynoldsburg na jihar Ohayo. Ya yi shekaru yana zaɓen ɗa mafi kyau daga kowace shuka yana ajiye irinsa, bai ga canji ba. Da ya sauya dabara, ya koma zaɓen uwar shuka ɗungurungum, wadda dukkan ƴaƴanta suka fito sumul, sai ya dace. A 1870 ya fitar da Paragon, a 1875 ya biyo da Acme. Ya kamata ɗalibi ya lura da wannan: da yawa daga cikin abin da ake kira irin gado a yau, a zamaninsa sabon kayan kasuwa ne da kamfani ya tallata.

Gilashi da haukar okid

Shi kuma okid, wata hanya ya biyo. Gidansu na daga cikin mafi girma a duniyar tsirrai masu fure, da nau'o'i kusan 28,000. Sunan daga Girkanci yake, ma'anarsa maraina, saboda saiwa biyu masu kama da su da nau'o'in Turai ke yi a ƙarƙashin ƙasa. Akasarin na ƙasashe masu zafi a kan rassan itatuwa suke zama. Mai karatu zai tuna da kauci, amma akwai bambanci: kauci yana tsotse itacen da ya hau, okid kuwa masauki kawai yake nema, yana sha daga ruwan sama da laimar iska. Mafi amfani a cikinsu ga ɗan Adam shi ne banila, mai ƙamshin nan da ake sawa a kek da alawa. Ita ma daga Meziko ta fito, mutanen Aztek suna zuba ta a abin shansu na koko. A wajen ƙasarta ta ƙi yin ƴaƴa, sai a 1841 da wani yaro bawa ɗan shekara 12 a tsibirin Reunion, Edmond Albius, ya gano hanyar yi mata barbara da ɗan tsinke da babban yatsa. Da dabararsa ake aiki har yau a Madagaska. Shi kuwa cikin talauci ya rasu a 1880.

A 1818 William Swainson ya aika da wasu tsirrai daga Barazil zuwa Ingila. Ɗaya daga cikinsu ya yi fure a hannun wani attajiri mai suna William Cattley a Barnet, kusa da Landan, fure babba mai launin shunayya mai haske, kuma masanin tsirrai John Lindley ya raɗa wa jinsin suna Cattleya don girmama shi. Daga nan masu kuɗi suka kamu. Duke na shida na Devonshire ya ga wani okid mai kama da malam-buɗe-littafi a 1833, bai sake samun sukuni ba: ya tura mai lambunsa John Gibson Indiya a 1835 neman wasu, ya kuma sa Joseph Paxton ya gina masa katafaren ɗakin gilashi a Chatsworth. Ko yankinmu bai tsira daga wannan farauta ba. A ayarin da Ingila ta turo kogin Kwara a 1841, wanda zazzaɓi ya ɗaiɗaita, akwai wani ma'aikacin lambu, John Ansell, da ya samo wani okid mai ɗigo-ɗigo kamar fatar damisa a tsibirin Fernando Po, wato Bioko ta yau. Lindley ya sa masa suna Ansellia africana.

Abubuwa biyu suka sauƙaƙa wannan ciniki. Na farko akwatin Ward. Nathaniel Bagshaw Ward likita ne a gabashin Landan, unguwar da hayaƙin kwal ke kashe duk abin da ya shuka. A 1829 ya rufe wani ƙwaro a cikin kwalba da ƴar ƙasa mai laima don ya ga ƙyanƙyasarsa, sai ya ga tsirrai biyu sun fito a ciki suna rayuwa ba tare da ban ruwa ba, domin tururin da ya tashi yana komawa ƙasa. A 1833 ya cika akwatuna biyu na katako da gilashi ya aika da su Sidni ta Ostareliya, suka isa da ransu bayan watanni a teku. Da irin wannan akwati aka kwashi shayi daga Sin zuwa Indiya, aka kai tsiron roba daga lambun Kew zuwa Silon a 1876. Na biyu kuwa haraji ne. A 1845 gwamnatin Robert Peel ta soke harajin gilashi, farashinsa ya faɗi, ɗakin gilashi ya sauko daga gidajen sarauta zuwa bayan gidan ɗan kasuwa da likita. A cikin waɗannan ɗakuna ne okid da tumatir suka fara zama maƙwabta, ɗaya don ido, ɗaya don baki.

Tarihin nan yana da fuska mara kyau, kuma bai kamata a rufe ta ba. Ƴan kasuwa irin su Frederick Sander na garin St Albans suna da mafarauta fiye da ashirin a lokaci guda a dazukan Kolombiya da Barazil da Bama da Filifin. Ana sare dubban itatuwa don a ciro abin da ke kan rassansu, a kwashe kwari guda kakaf don kada abokin hamayya ya samu. Mafarautan kansu da yawa ba su dawo ba. Tsirran kuma akasarinsu sun mutu, wasu a jirgi, wasu a ɗakunan Ingila, domin masu lambu sun ɗauka duk abin da ya fito daga ƙasa mai zafi turara yake so, suka rufe su cikin zafi ba iska, alhali da yawansu daga kan duwatsu masu sanyi aka ciro su.

Me ya hana a shuka irinsa a huta? Ƙwayar irin okid kamar ƙura take, kwanso guda kan ɗauki dubbai ko miliyoyi, kuma ba ta da guzurin abinci a cikinta kamar ƙwayar gero ko ta tumatir. A 1899 wani matashin masani Bafaranshe, Noël Bernard, ya gano cewa sai wata irin funfuna ta shiga ƙwayar ta ciyar da ita sannan take tsira. A 1922 Lewis Knudson na jami'ar Cornell ya nuna za a iya sallamar funfunar, a shuka irin a cikin kwalba tsaftatacciya a kan wani abu mai kama da daskararren kunu, da sukari da gishirin ma'adinai. A 1960 kuma Georges Morel a Faransa ya nuna yadda za a yanki ɗan tsinin toho a hayayyafa shi ya zama tsirrai masu yawa iri ɗaya sak. Wannan ne ya sa furen da ya ci dukiyar sarakuna ya zama abin da ake saye a kantin cefane, daga gonakin Taiwan da Holan. Na daji kuwa, yarjejeniyar CITES da aka sa wa hannu a 1973 ta sa dukkan gidan okid a ƙarƙashin takunkumin ciniki.

Rana ta aro

Gilashi yana tare sanyi, amma ba ya ƙara tsawon yini. A Landan, yinin Disamba bai cika awa takwas ba. Tun a 1861 Hervé Mangon a Faransa ya nuna cewa tsiro yana yin kore a hasken lantarki. A 1880 William Siemens, injiniya haifaffen Jamus mazaunin Ingila, ya gabatar da sakamakon gwajin da ya yi a gidansa kusa da Tunbridge Wells, da fitila mai tartsatsi tsakanin sandunan gawayi biyu. Ya tarar hasken tsirara yana ƙona ganye, amma idan aka sa gilashi a tsakani sai tsiro ya amfana. Liberty Hyde Bailey na Cornell ya maimaita gwajin, ya buga rahotonsa a 1891, inda ya nuna latas yana isa yanka da wuri. Amma wutar tana da tsada, kuma ƙwan fitila irin na Edison da ya zama ruwan dare zafinsa ya fi haskensa, yana sa tsiro ya yi tsawo ba ƙwari.

A 1920 wasu masana biyu na ma'aikatar gona ta Amurka, Garner da Allard, suka gano cewa tsawon yini ne ke umartar wasu tsirrai su yi fure, bayan sun yi ta fama da wata taba da ke ƙin fure sai hunturu. Wannan ya shafi maƙwabtan namu ta hanyoyi daban-daban. Cattleya labiata sai yini ya gajarta take fure. Tumatir bai damu da lissafin ba, amma idan aka bar masa fitila dare da rana ba hutu, ganyensa sai ya yi rawaya ya lalace. Shi ma yana bukatar dare.

Doguwar fitilar nan mai farin haske, wadda ba ta zafi, ta shigo kasuwa a 1938, kuma ita ce ta kai lambu cikin ɗaki. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masu sha'awar furanni suka cika ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da kantoci, kamfanin Sylvania ya fitar da fitilar Gro-Lux a farkon shekarun 1960, wadda ta fi ba da ja da shuɗi, launuka biyun da koren ganye ya fi sha. Fitilar LED ja ta samu a 1962 a hannun Nick Holonyak, amma sai da Akasaki da Amano da Nakamura suka samar da shuɗiya a farkon shekarun 1990, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014, sannan ta cika amfani ga shuka. Hukumar NASA ta tallafa wa binciken tun da wuri, kuma a watan Agusta na 2015 ƴan sama-jannati suka ci latas ɗin da suka noma a tashar sararin samaniya.

Yadda iri ya kuɓuce, da yadda aka bi sawunsa

Furen tumatir kansa yake yi wa barbara. Saboda haka wanda ya ajiye irin tsohon nau'i, abin da ya shuka shi zai girba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A matse ƙwayoyin da ruwansu a kofi, a bar su kwana biyu zuwa huɗu su yi tsami yauƙin ya narke, a wanke, a shanya a inuwa, shi ke nan an sami irin baɗi da na shekaru masu zuwa. Irin aure kuwa, wanda ake rubuta wa F1 a jikin fakiti, ɗan iyaye biyu ne da kamfani ya haɗa ya kuma ɓoye sunayensu. Yana da ƙarfi da yawan ƴaƴa da jure cuta, amma jikokinsa warwatsuwa suke yi, kowa ya ɗauko kamannin wani kaka, kamar yadda Gregor Mendel ya bayyana tun 1866. Dole manomi ya koma kanti kowace shekara. A 1949 kamfanin Burpee ya fitar da Big Boy, wanda Oved Shifriss ya haɗa, ya karɓu ƙwarai, sauran kamfanoni suka bi, tsofaffin nau'o'i suka riƙa fita daga kundin tallace-tallace ɗaya bayan ɗaya.

A Kalifoniya abin ya wuce haka. A jami'ar Davis, Jack Hanna mai haɗa iri da Coby Lorenzen injiniya suka yi aiki tare, ɗaya yana ƙera injin girbi, ɗaya yana samar da tumatir mai taurin fata, mai nuna lokaci guda, wanda zai jure wurgi. Nau'in VF-145 ya fito a farkon shekarun 1960. A 1964 aka rufe shirin da ke kawo ƴan ƙwadago daga Meziko, kuma kafin ƙarshen shekarun 1960 kusan dukkan tumatirin gwangwani na jihar inji ke girbe shi. Injin sai babbar gona, don haka yawan manoman ya faɗi daga kusan 4,000 zuwa kusan 600 cikin shekara goma da ɗoriya. Ɗanɗano ma ya biya nasa kuɗin. Tun ƙarshen shekarun 1920 masu haɗa iri suke son wata sifa da ke sa tumatir ya nuna bai-ɗaya ba koren kafaɗa. A 2012 wani bincike da Ann Powell ta jagoranta a Davis ɗin dai ya nuna cewa wannan sifa tana kashe ƙwayar gadon da ke taimaka wa ɗan ya tara sukari. An yi shekara tamanin ana zaɓen kyan gani ana zubar da zaƙi.

Martanin ya fito ne daga wani gida. Wani tsoho a Ayowa, Baptist Ott, ya ba jikarsa Diane da mijinta Kent Whealy iri biyu da iyayensa suka zo da su daga Bavariya ta Jamus a ƙarshen ƙarni na 19: wani fure mai yaɗo, da tumatirin German Pink. Da ya rasu suka lura cewa in ba su ba, babu mai wannan iri. A 1975 suka kafa ƙungiyar musayar iri ta Seed Savers Exchange da mutum 29. A yau gonarta da ke Decorah tana riƙe da nau'o'in tsirrai fiye da 20,000. Ta hannun ƴan ƙungiyar ne Brandywine mai ruwan hoda ya bazu daga 1982, bayan wani iyali a Tennessee sun riƙe shi shekaru da dama. Cherokee Purple ya zo wa Craig LeHoullier a cikin ambulan a 1990. Akwai kuma Mortgage Lifter, ma'ana mai sauke bashin gida, na wani mai gyaran lagireto a garin Logan na jihar West Virginia, M. C. Byles, wanda ya ba da labarin cewa ya sayar da dashe dala ɗaya ɗaya a shekarun 1940 har ya biya bashin dala 6,000 cikin shekara shida.

A ganina bai kamata a wuce gona da iri wajen yabon irin gado ba. Yana tsagewa idan ruwa ya yi yawa, cuta tana kama shi da sauƙi, ba ya jure tafiya, yabanyarsa kaɗan ce. Manomin da zai ciyar da birni ba zai dogara da shi ba. Amma shagunan dashe nau'o'i ƙalilan suke kawowa, don haka wanda yake son ɗaya daga cikin dubban da suka rage, sai ya rene shi da kansa daga ƙwaya. Abin da ya kai tumatir kantar okid ke nan.

Zaman nasu sai da dabara. Ƙwayar tumatir tana son ɗumin digiri 21 zuwa 27 ta tsira cikin kwana biyar zuwa goma, kuma ɗakin okid yana da wannan ɗumi. Da zarar ta fito kuwa, bukatunsu sun rabu. Tumatir ɗan tsakiyar rana ne, yana son haske awa 14 zuwa 16, doguwar fitila tana tazarar yatsu huɗu daga kansa, in ba haka ba ya miƙe siriri ya faɗi. Okid irin Phalaenopsis, wanda ya fi yawa a gidaje, ɗan inuwar daji ne, wannan haske zai ƙona shi, sai a tura shi bakin kanta. Laimar da okid ke so tana jawo funfunar da ke yanke ƙaramin tumatir daga gindi a dare ɗaya, shi ya sa ake kunna ƴar fanka. Ƙananan ƙwari masu tsotso suna tsallakawa daga wannan zuwa wancan ɗauke da cuta. Idan raɓa ta ɗauke, ana fitar da tumatir waje kaɗan-kaɗan na kwana bakwai zuwa goma ya saba da rana da iska, sannan a dasa shi a binne rabin karansa, domin yana fid da saiwa daga duk inda ƙasa ta taɓa.

A ƙasar Hausa lissafin a juye yake. Haske ya yi mana yawa, zafi ne abokin gaba: idan dare ya yi zafi furen tumatir zubewa yake yi bai ƙulla ba, shi ya sa noman nasa ya fi kyau a sanyin rani, a lambu da fadama. Mai renon iri a Kadawa ko a kwarin Maggiya rumfar ciyawa yake yi wa fangalinsa, wani ya lulluɓe shi da gidan sauro. Amma tarihin da muka bi ya iso har nan. Roma, da ya cika kwandunanmu, ma'aikatar gona ta Amurka ce ta fitar da shi a Beltsville a 1955. UC82B kuwa, haruffan farkon sunansa na jami'ar Kalifoniya ne, daga gidan da aka haifi VF-145. Taurin da aka sa masa don injin girbi shi ne ke ba shi damar jure tafiyar kusan kilomita 1,000 daga Kano zuwa kasuwar Mile 12 a Legas. Ƙananan tumatir na gargajiya masu tsami suna ja da baya a gaban irin gwangwani da fakiti, yayin da albasar Galmi ta zama misalin iri da manoman wuri suka riƙe har sunan garinsu ya bi shi duniya.

Wani ɗan ƙasar tumatir ma ya biyo shi. Ƙwaron Tuta absoluta, wanda tsutsarsa ke huda ganye da ɗa, a Peru aka fara bayyana shi a 1917. An gan shi a Sifaniya a 2006, ya ratsa arewacin Afirka, ya iso Nijar a farkon shekarun 2010. A watan Mayu na 2016 ɓarnarsa ta sa gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, kuma sabuwar masana'antar sarrafa tumatir ta Kadawa ta dakatar da aiki don rashin abin da za ta markaɗa.